Takarda Biyu Daga Yerwa

Tun da na dawo daga Gabas ban huta da tambaya ba. In na sauka bakin kogi, masu gyaran koma su tare ni. In na shiga kasuwar Haɗejiya da kwandon banda, kafin a taya kifin sai an tambaye ni yadda teku take, ko gaskiya ne ba a hango gaɓarta. Wasu marmari ne kawai, wasu kuwa niyya gare su, suna son sanin abin da ake nema a hannun mutum kafin a bar shi ya taka ƙasar Larabawa. Na gaji da maimaitawa. Kuma akwai wurin da in na zo a labarin nakan tsallake, in ce rana ta yi, zan tafi. To, tun da ajin yaƙi da jahilci ya sa na iya riƙe fensir, ga shi na rubuta har da wurin da nake tsallakewa. Wanda ya karanta, don Allah kada ya ƙara tambayata.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta Iya ce, mahaifiyata. Tun ina ƙarami nake jin ana cewa ba ta da zance sai na Makka. Shekara da shekaru tana kiwon tumaki, tana saƙar tabarma, duk don wannan, kuma kowa ya san ƙanena Sale ne zai raka ta. Ana saura 'yan kwanaki a tashi, kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu ya kwantar da shi. Mace ba ta wannan tafiya sai da muharrami, mahaifinmu kuwa ya daɗe da rasuwa. Sai aka waiwayo kaina.

Ni ne ɗan farinta. Mutanenmu sun san abin da hakan ke nufi, amma bari in faɗa saboda abin da zai zo. Ana yaye ni aka kai ni gidan Baffa Garba, wan mahaifina, can na tashi har ana ce mini Idi Garba. Iya ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa cewa "ɗana" ba, ba ta haɗa ido da ni, in tana son a ba ni tuwo sai ta ce, "A miƙa wa na gidan Baffa." An ce mini kunyar ɗan fari ce, da ita ake gane mace mai mutunci. Na yarda. Amma ina jin yadda take ƙwala wa Sale kira tun daga tsakar gida, tana jan sunan kamar mai lasar zuma, kuma shekara arba'in abin bai daina yi mini zafi ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Ruwa bai gama janyewa daga fadama ba muka tashi, don haka a kwalekwale muka bar ƙauyenmu na wajen Kirikasamma, sannan muka hau jakuna har Birniwa. Guzurinmu garin gero, daddawa, kuka, dakuwa, da kwandon bandar tarwaɗa da na kyafe da hannuna. A tashar jirgin ƙasa ta Birniwa muka haɗu da Malam Bukar, wani dattijo mai ƙaramin gemu, asalin mutanensu daga bakin Chadi. Ya taɓa zuwa har Wadai, ya san hanya, sai muka liƙe masa. Jirgi ya kai mu Nguru, daga nan babbar mota ta kwashe mu, muna zaune a kan buhunan gyaɗa, har Yerwa.

Masu niyya, ku buɗe kunne a nan, don a Yerwa ake ɗaure tafiya ko a kwance ta. Da farko hoto. Mai hoton ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle ya ce Iya ta ɗago kai, ta ce ita ba ta ƙura wa namiji ido, ko da ya ɓuya a cikin zane. Haka hoton ya fito, ba a ganin komai sai goshi da mayafi. Sannan lambar agana a damtse, da allura har biyu, kowacce da takardar shaidarta. Kada ku yi irin ta mutanenmu, a fito daga wurin lamba a goge da lemun tsami don kada ta kama. Tabon ake dubawa a gaba, wanda ba shi da shi sai an sake tsaga shi an tsare shi. Bayan wannan duka sai ofishin fasfo, takardar da in babu ita ko kai waliyyi ne ba ka wucewa.

Akawun wani matashi ne mai gajeren wando, da alƙalami a bayan kunne, layi kuwa har bakin titi. Ya rubuta tawa, Idi Garba, masunci, ƙasar Haɗejiya. Sannan ya leƙa ya ga Iya a tsugune a bayana.

"Wannan tsohuwar fa, tare kuke?"

Na ce, "Tare muke."

"Mece ce a wurinka? In mahaifiyarka ce, takarda ɗaya zan yi muku, sunanta a ƙarƙashin naka."

Kalma ɗaya ta rage in faɗa. Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ga dama ta samu, yau a gaban hukuma ba ta da mafita, dole ta faɗa da bakinta. Na ce, "Ga ta nan, tambaye ta."

Ya ce, "Iya, mene ne wannan a wurinki?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Can ta ce, "Na gidan Baffa ne."

"To, sunan mijinki?"

"Ya rasu."

"Sunansa na ce."

Ta kawar da kai. Wace mace ce a ƙasarmu za ta kama sunan miji, rayayye ko matacce? Akawun ya ja tsaki ya ce shi ba shi da lokacin kunyar ƙauye. Ya rubuta sunanta da na mahaifinta a takarda daban, ya kama babban yatsanta ya dangwala, ya kira na gaba. Ina tsaye ina kallo ban gyara masa ba, don haushi nake ji, ko a gaban hukuma ta ƙi ni.

Da muka fito Malam Bukar ya ja ni gefe ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma. Malam Idi, ba a gwada uwa. Koma ka ce a haɗa takardun nan."

Na dubi tsawon layin, na dubi motar da ke shirin tashi, na yi dariya na ce ai biyu ta fi ɗaya. Na naɗe su tare a jakar fata na rataya a wuya.

Daga Yerwa muka bi ta Dikwa muka ƙetare kogi zuwa ƙasar Faransa. Nan na fara ganin abin mamaki, motocinsu a hannun da ba namu ba suke tafiya, duk wadda ta tunkaro sai in runtse ido. Sojan kan iyaka mai jar dara ya duba fasfo a juye, ya mayar mini, sannan ya buɗe kwandon banda. Ya shaƙa, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya shaƙa, suka ce kifi ba ya wucewa sai an bincika. Da suka gama bincike rabin kwando ya rage. Ragowar kuwa ta jawo mini baƙin jini a mota, don da rana ta buɗe sai wani Bashuwa ya rantse ko ni ko kifin, ɗaya zai sauka.

Tsakanin Ati da Abashe ba tafiya muka yi ba, turi muka yi. Mota ta nutse a yashi, a sauka, a tona, a shimfiɗa faifan ƙarfe a ƙarƙashin taya, a tura, ta yi taku hamsin ta sake nutsewa. Ni da na saba da laka har gwiwa, ban san yashi ma na kama ƙafa ba. A Janaina, bakin ƙasar Sudan, aka tsare mu kwanaki ana duba tabon lamba, can zazzaɓi ya kayar da ni. Na farka da rana tsaka na ga an kafa mini inuwa da zanen Iya, ita kuwa tana zaune a rana tana dama kunu da ragowar garinta. Ta miƙa wa Malam Bukar ta ce, "A ba mutumin nan." Na sha, na ji daɗinsa, amma zuciyata ba ta bar ni ba, cewa take har yanzu dai mutumin nan.

A Sudan ba a ce mana Hausawa, Takari ake ce mana, kuma ba da daɗin baki ake faɗa ba. Kowane gari akwai unguwar mutanenmu, waɗanda suka fito hajji tun zamanin kakanni suka maƙale a hanya, a can ake sauka. Gadonsu na igiya ne, ka kwanta bayanka ya zama kamar an zana tabarma. Abincinsu kisira, wata irin waina ce ta dawa, siririya kamar takarda, mai tsami, da miyar busasshiyar kuɓewa. Shayi kuwa ba sa gajiya da shi, sukarin ya fi ruwan yawa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne kuka. Bayan Fashir akwai ƙasar da ba rijiya, sai su rarake cikin bishiyar kuka su cika ta da ruwan damina, kowace kuka da mai ita, yana gadinta. Mu da ruwa ke shiga mana ɗaki duk shekara yana cinye mana gero a gona, ga mu muna roƙon moɗa guda daga cikin itace. Iya ta ce, "Da ana aika ruwa a wasiƙa, da na sa Sale ya aiko musu da na bayan gidanmu."

A Fashir ne kuma matar mai masaukinmu, Balarabiya, ta sa aka tambayi Iya sunan ɗanta na fari. Wai a al'adarsu da shi ake kiran mace, a ce uwar wane, kuma wannan ne babban girmamawa. Iya ta riƙe baki. Da matar ta fita ta ce wa Malam Bukar, "Malam, mutanen nan Musulmi ne kuwa? Ba su da ta ido ko kaɗan." Malam ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

Daga Lubayya muka samu jirgin ƙasa, ya bi da mu ta Hartum, ya sauke mu Sawakin a bakin teku, wata huɗu da barinmu gida. Masu tambayar teku, ga amsarku. Na ɗiba na kai baki na tofar, gishiri ne zalla, sabulu ma ba ya kumfa a ciki. Kifinta ja da kore kamar an yi musu rini, ban ga wanda zai yi banda ba. Garin kansa tsofaffin benaye ne farare suna zubewa. Mu kuwa bayan gari aka kai mu, wani fili da aka kewaye da waya, ana ce masa karantina, maza gefe mata gefe. Aka turara kayanmu, aka sake yi mana allura, aka ce kowa sai ya riƙe tikitin jirgin ruwa na zuwa da na dawowa. Duk muka yi. Iya na hango jirgin daga jikin waya, ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na ranar ba.

Ranar tashi da hantsi aka jera mu gaban wani Balarabe mai farar riga, da babban littafi da hatimi a kan tebur. Tafintansa mutumin Katagum ne, ya fito hajji tun yana saurayi, ga furfura ta kama shi bai ƙetare ba kuma bai koma ba. Balaraben ya buga wa tawa hatimi. Ya ɗauki ta Iya, ya juya ta, ya yi magana.

Tafinta ya ce, "Ya ce wannan mace ce ita kaɗai. Ina muharraminta?"

Na ce, "Ni ne. Mahaifiyata ce."

Balaraben ya haɗa takardun biyu ya duba. Tawa ta ce Garba, tata ba Garba, ba miji, ba ɗa. Tafinta ya ce, "Ya ce kullum sai an zo masa da wannan, namiji ya tsinci mace a hanya ya ce uwata ce. Ko dai a kawo shaida, ko ita ta faɗa da bakinta cewa ɗanta ne, ta kama sunanka yadda yake a nan."

Na juya ga Malam Bukar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Idi, a zuciyata na yarda. Amma shaida sai abin da mutum ya sani. A Birniwa na gan ku, kuma wata huɗu ban ji ta ce ɗana ba. Ina kan hanyar ɗakin Allah, ba zan rantse a kan zato ba." Na tsane shi a lokacin, har yau kuma na kasa cewa ya yi laifi.

Aka tambayi Iya. Maza sun fi ɗari a bayanmu, duk sun zuba mata ido. Ta ƙara jan mayafi ta rufe fuska. Na baya suka fara gunaguni, Balaraben ya tura takardar gefe, aka ce mu matsa.

A gindin wata katanga na durƙusa a gabanta, na yi mata maganar da ban taɓa yi ba. Na ce, "Iya, kalma biyu ce fa. Ga jirgi can. Shekara nawa kina saƙar tabarma saboda yau? Ni ɗin abin kunya ne har haka?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Da bakin nan nawa? A gaban maza?" Can kuma a hankali ta ce, "Ai a Yerwa an san amsar, aka ce a tambaye ni."

Ashe ta sani. Wata huɗu tana ɗauke da abin, tana dama mini kunu, ba ta ce komai ba.

Tun hantsi take zaune a wurin har aka kira azahar, layi na raguwa. Sai kawai na ga ta dafa ƙasa ta miƙe, ta nufi teburin ita kaɗai. Na bi ta. Tafinta ba ya nan, ya tafi raka waɗanda aka sallama zuwa bakin ruwa. Iya ba ta lura ba. Ta tsaya gaban Balaraben, ta sauke mayafi daga fuskarta, ta ɗaga murya yadda duk wanda ke wurin zai ji.

"Idrisu ne. Ni na haife shi, ranar Laraba, shekarar da ruwa ya ci mana rumbuna. Ɗana ne. Idrisu ɗana ne."

Balaraben ya ɗago ya dube ta kamar yadda ake duban akuyar da ta shigo zaure. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya kaɗa mata bayan hannu ya ce "bukura", wato gobe, ya rufe littafinsa ya tashi. Da la'asar jirgi ya yi kuka ya tafi da Malam Bukar da sauran.

Abin da na shekara arba'in ina nema ke nan, na same shi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Goben ba ta zo ba, don mai hatimin ya bi jirgi, aka ce sai wani jirgin ya zo zai dawo. Iya ba ta ƙara tayar da zancen ba. A kwana na uku gudawa da zazzaɓi suka kama ta a ɓangaren mata, inda ba a barin namiji ya shiga. Kullum da safe wasu mata biyu 'yan Zazzau su riƙo ta zuwa jikin waya in gan ta. Ran nan ta ce, tana kallon ƙasa kamar yadda ta saba, "In jirgi ya zo, a shiga. Ba a zuwa bakin ƙofa a juya." Na ce tare za mu shiga. Ta ce, "A dai shiga." Kwana takwas da tashin jirgin farko, da hantsi, ta cika. Muka binne ta a yashi a bayan karantina. Maƙabartar tana da faɗi, kuma tafinta ya ce mini yawancinsu mutanenmu ne.

Da jirgin ƙarshe ya iso, mai farar riga ya dawo teburinsa. Lokaci ya ƙure, ana ta gaggawa a cika jirgi. Aka ce kowa ya sake miƙa takarda. Na zaro daga jakar fata, ashe sun manne da juna saboda gumi, na ajiye su haka. Bai ɗago kai ba, bai tambayi muharrami ba, bai tambayi komai ba. Ya raba su da yatsa, ya buga wa tawa, ya buga wa tata, ya ce na gaba.

Na sauka Jidda, na isa Makka. Na ga Ka'aba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban yi kuka ba. A can na sake haɗuwa da Malam Bukar, na ce masa ina so in yi niyyar hajjin nan don Iya, ni ba na bukata. Ya ce ba ya halatta, wanda bai sauke nasa ba ba ya yi wa wani. Ko wannan ban samu na ba ta ba. Haka na tsaya a Arfa da sunana, da guzurin da ta tara da kaba da tumaki.

Da na dawo, Sale ne ya tare ni a bakin ruwa, ƙafarsa ta warke sarai. Ya duba bayana cikin kwalekwalen, ya sake dubawa, sannan ya zauna a laka. Na ce masa zazzaɓi ne. Yau in ya sa aka karanta masa wannan zai ji sauran, kuma duk abin da ya ce mini na cancanta.

To, masu niyya, kun ji abin da ake nema: hoto, lamba, allura, fasfo, tikitin zuwa da dawowa. Wanda zai tafi da mace, ya tsaya a Yerwa sai ya ga sunanta a ƙarƙashin nasa da idonsa, ko da mota goma za su tashi su bar shi. In akawu ya tambaya, kai ka amsa. Mutanen can ba su san kunyarmu ba, kuma littafinsu ba shi da gurbin rubuta ta.

Takardar Iya na nan a ƙasan akwatina, da hatiminta, an ba ta izinin shiga. Ni kuwa tun da na dawo ba wanda ya ƙara kiran sunana. Yara da manya, har matata, kowa Alhaji, kuma duk wanda ya faɗa sai in ji kamar na sa rigar wani. A cikin mutanenmu, wadda ta kira ni Idrisu ta ƙarshe ita ce wadda ta kira rana ɗaya tak, ta faɗa wa mutumin da ba ya jin Hausa.